Yadda Mai Bin Bashi Zai Nemi Kotu Ta Rusa Kamfanin da Ya Karye: Jagora ga 'Yan Kasuwar Kebbi

Tun daga watan Nuwamban 2015, lokacin da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, kamfanonin sarrafa shinkafa manya da ƙanana suka yawaita a yankinmu, kuma mafi yawan cinikin da ke tsakaninsu da dillalai bisa bashi yake tafiya. Dillali zai tara shanshera daga fadamun Argungu, Suru, Bunza ko Yauri, ya cika tirela, a auna a kan sikelin kamfani, a ba shi takardar awo, a ce ya dawo bayan mako biyu. Muddin injin yana juyawa, babu mai damuwa da wannan tsari. Ranar da injin ya yi shiru, maigadi ya fara cewa manaja ya yi tafiya, cek ɗin da aka bayar kuma banki ya dawo da shi, a nan ne mutum yake fara tambayar abin da doka ta tanadar masa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da doka ta buɗe shi ne mai bin bashi ya roƙi kotu ta rusa kamfanin, a sayar da duk abin da ya mallaka, a raba wa masu haƙƙi. Kafin a shiga bayanin matakai, akwai abin da ya kamata ya zauna a zuciyar mai karatu, domin a kansa sauran maganar take: wannan hanya ta fi kama da rabon gado fiye da ƙarar neman bashi. Wanda ya kai ƙarar neman bashi, idan ya yi nasara kuɗin nasa ne shi kaɗai. Wanda ya nemi a rusa kamfani kuwa, ya buɗe ƙofa ne ga duk wanda yake bin kamfanin ko da sisin kwabo, kuma kasancewarsa wanda ya fara zuwa kotu ba ya ba shi fifiko a wajen rabo. Sau da yawa ma shi ne a ƙarshen layi.

Fara da sanin wanda kake bi

Matakin farko ba a kotu yake ba, a rajistar Hukumar Kula da Harkokin Kamfanoni yake, wato CAC. Yawancin wuraren da muke kira kamfani a bakin kasuwa ba kamfanoni ba ne a idon doka, sunan kasuwanci kawai aka yi wa rajista. Ka duba lambar da ke kan rasit ko takardar awo. Idan ta fara da BN, sunan kasuwanci ne, mai shi da kasuwancin abu ɗaya ne, kuma shi za ka kai ƙara da kansa, dukiyarsa ta gida ma tana iya shiga cikin biyan bashin. Idan ta fara da RC, kuma sunan ya ƙare da Limited ko Plc, to kamfani ne mai zaman kansa a doka, yana da dukiyarsa da bashinsa dabam da na waɗanda suka kafa shi. Wannan jagora a kan na biyun take.

Bambancin yana da ɗaci ga wanda bai saba da shi ba. Alhajin da ka yi musafaha da shi, wanda ya ce maka kuɗinka suna nan kamar a aljihunka, yana iya ci gaba da zama a gidansa yana hawa motarsa alhali kamfanin ya durƙushe, domin gidan da motar ba na kamfani ba ne. Sai fa idan ya sa hannu a takarda cewa ya tsaya wa kamfanin da kansa, ko kuma an tabbatar ya tafiyar da kamfanin da niyyar damfara, wanda za a zo kansa a gaba.

Ka sa lauya ya nemo maka cikakken rahoton kamfanin daga CAC. Abubuwa uku ake nema a ciki: ainihin sunan kamfanin harafi da harafi, adireshin ofishinsa mai rajista, da jerin jinginar da ya yi wa bankuna. Na ukun nan shi ne zai gaya maka ko tafiyar tana da riba tun kafin ka ɗaura takalmi. Doka ta ba da kwana 90 a yi wa irin wannan jingina rajista a CAC, kuma jinginar da ba a yi wa rajista ba ba ta da ƙarfi a gaban wanda za a naɗa ya karkare kamfanin, wato ya sayar da dukiyarsa ya raba wa masu haƙƙi. Akwai kuma rajistar jinginar kadarori masu motsi da ke ƙarƙashin Babban Banki, bisa dokar 2017, inda ake iya ganin ko motoci da injuna suna wuyan wani.

Idan wanda kake bi banki ne, wannan hanya ba taka ba ce. Babban Banki ne ke soke lasisi, Hukumar Inshorar Ajiyar Banki ta NDIC kuma ta karɓi aikin karkarewa, kamar yadda aka gani da bankin Heritage a watan Yunin 2024.

Bashin da babu jayayya a kansa

Dokar da ke tafiyar da wannan al'amari ita ce Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda lauyoyi ke kira CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ranar 7 ga Agustan 2020. Sashe na 571 ya lissafa dalilan da kotu za ta iya rusa kamfani a kansu, kuma wanda ya shafi mai bin bashi shi ne cewa kamfanin ya kasa biyan basussukansa. Sashe na 572 ya fayyace hanyoyi uku na tabbatar da wannan kasawa. Ta farko, a kai wa kamfani takardar neman biya ya yi mako uku bai biya ba, bai ba da jingina ba, bai kuma sasanta da mai bashin ta yadda zai gamsu ba. Ta biyu, mai bashi ya riga ya samu hukuncin kotu, ma'aikatan kotu suka je kama kaya suka dawo ba su samu abin da zai cika kuɗin ba. Ta uku, kotu da kanta ta gamsu, bayan ta duba har da basussukan da lokacin biyansu bai zo ba, cewa kamfanin ba zai iya biya ba.

Akwai kuma mafi ƙarancin kuɗin da ake iya bin hanya ta farko a kansa. A tsohuwar dokar 1990 naira 2,000 ne, dokar 2020 ta mai da shi abin da ya haura naira 200,000, sannan gyaran da aka yi a 2023 ta Dokar Sauƙaƙa Kasuwanci ya bar wa CAC ikon ƙayyade adadin ta hanyar ƙa'ida. Saboda haka ka sa lauyanka ya tabbatar da adadin da ke aiki a ranar da za a rubuta takardar.

Inda ƙararraki da yawa suke faɗuwa shi ne batun jayayya. Kotunan Najeriya sun daɗe suna nanata cewa ƙarar rusa kamfani ba sandar karɓar bashi ba ce, kuma Kotun Ƙoli ta tsaya a kan wannan a shari'ar Air Via da Oriental Airlines a 2004. Idan kamfani ya zo da hujja ta gaskiya cewa yana musun bashin, kotu za ta kori ƙarar ta ce a je a fara tabbatar da bashin a ƙara ta yau da kullum. A cinikin shanshera kuwa, kafar jayayya ba ta da wuyar samu: kamfani zai ce shinkafar tana da danshi, ko an cika ta da ƙaiƙayi da tsakuwa, ko farashin da aka yi magana a kai ba shi ne wanda dillali ya rubuta ba. Musun da aka ƙirƙiro da rana tsaka ba ya cetar kamfani, amma musun da yake da tushe, ko da daga baya zai faɗi, ya isa ya rushe ƙararka, a kuma ɗora maka kuɗin shari'a.

Don haka kafin a ja daga, ka tattara takardu cikin ruwan sanyi. Takardun awo na kowace mota, da lambar motar da ranar sauke kaya. Bayanin asusun banki da ke nuna abin da aka biya da abin da ya saura. Cek ɗin da ya dawo, da tambarin banki a jikinsa. Saƙonnin waya da manaja yake cewa a ƙara haƙuri. Abin da ya fi duk waɗannan ƙarfi shi ne takarda ɗaya mai ɗauke da sunan kamfani, inda akanta ko darakta ya rubuta cewa an yi lissafi an daidaita, kamfani ya yarda ana bin sa kuɗi kaza. A ganina, duk wanda zai iya samun wannan takarda ta hanyar lallami, gara ya ɓata wata guda yana nemanta da ya yi gaggawar zuwa kotu. Dattawan kasuwa da shugabannin ƙungiyar dillalai sukan yi amfani a nan, domin zaman sulhun da aka kammala da rubutacciyar yarjejeniya ya zama hujja ko da ba a biya ba. Umarnin rubuta bashi da ke cikin Suratul Baƙara ba sabon abu ba ne gare mu, sakaci ne kawai da kunyar ido suke hana mu aiki da shi.

Kada kuma ka bari bashin ya tsufa, domin dokokin ƙayyade wa'adin kai ƙara suna iya kashe haƙƙinka idan shekaru suka ja. Kada ka ɓata kuɗinka wajen 'yan sanda: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai.

Takardar neman biya da makonni uku

Wannan takarda gajeriya ce, amma kuskure a cikinta yana iya ɓata aikin shekara. Ta ƙunshi cikakken sunan kamfanin kamar yadda yake a rajista, ainihin adadin kuɗin, asalin bashin, da neman a biya. Ka rubuta abin da ka tabbatar kawai. Idan ka cusa kuɗin mota da asarar da kake ganin ka yi saboda jinkiri, ka ba kamfani abin da zai yi jayayya a kai da hannunka.

Doka ta ce mai bin bashi ne zai ba da takardar da sa hannunsa. An sha yin gardama a kotuna a kan ko wasiƙar da lauya ya sa wa hannu ta wadatar, saboda haka hanya mafi aminci ita ce lauya ya tsara, kai ka sa hannu. Idan kuma kamfaninka ne yake bin bashin, darakta ko sakataren kamfanin ya sa hannu a kan takardar kamfani. Sannan a kai ta a bari a ofishin kamfanin mai rajista ko babban ofishinsa. Miƙa wa direban kamfani a tasha, ko tura hotonta ta WhatsApp, ba ya cika sharaɗin. Ka tafi da kwafi biyu da mutum ɗaya mai shaida, a sa wa naka kwafin hannu da kwanan wata. Idan aka ƙi karɓa, a bar ta a wurin, wanda ya kai ya rubuta rana da lokaci da wanda ya tarar, domin zai yi rantsuwa a kan haka daga baya.

Daga nan sai a ƙirga mako uku cur. Wanda ya shigar da ƙara kafin su cika, ko da da kwana ɗaya ne, ya ba lauyan kamfani kyauta.

A cikin waɗannan makonni ne yawanci gaskiyar lamari take fitowa. Kamfanin da yake da hali amma yake jan ƙafa, sau da yawa yakan nemi a zauna. Wanda babu komai a asusunsa yakan yi shiru, ko ya aiko da wanda zai ba ka haƙuri. Idan aka yi maka tayin biya kashi-kashi tare da jingina ta gaske, ka auna da kyau kafin ka ƙi, saboda lissafin da zan kawo a gaba.

Kotun da ke da hurumi

Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai take da ikon rusa kamfani, bisa sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 da sashe na 570 na Dokar Kamfanoni. Kotun shari'ar Musulunci, kotun majistare da Babbar Kotun Jiha duk ba su da wannan hurumi, ko da kuwa masu ƙarar duka Musulmi ne kuma cinikin a Jega aka ƙulla shi. Akwai reshen Babbar Kotun Tarayya a Birnin Kebbi, akwai kuma a Gusau. Sai dai abin da ake dubawa ba inda injin yake ba ne, inda ofishin kamfanin mai rajista ko babban ofishinsa yake ne, kuma idan kamfanin ya sauya adireshi, ana duba inda ya fi daɗewa cikin wata shida kafin shigar da ƙarar. Kamfani yana iya yin aiki a Kebbi alhali rajistarsa tana Kano, Abuja ko Legas, kuma wannan kaɗai zai iya ninka maka kuɗin shari'a.

Ana shigar da ƙarar ne da takardar koke ta musamman, bisa Ƙa'idojin Rusa Kamfanoni na 2001. Takardar za ta bayyana kamfanin, jarinsa, bashin, takardar neman biya da aka kai, da roƙon a rusa shi. Ana biyo ta da takardar rantsuwa mai gaskata abin da ke ciki, wadda ƙa'ida ta ce a shigar cikin kwana huɗu bayan gabatar da koken. Sai a kai wa kamfanin sammaci a ofishinsa.

Mataki na gaba shi ne wanda kamfanoni suka fi tsoro, wato shela. Ba a buga sanarwar koken sai alƙali ya ba da izini, kuma a wajen neman wannan izini ne ake fafatawa ta gaske, domin a nan kamfani zai zo da musunsa. Idan aka ba da izini, ana buga sanarwar a Gazet, wato mujallar sanarwar gwamnati, da jarida ɗaya ta ƙasa, da wata jaridar da ke yawo a jihar da ofishin kamfanin yake, aƙalla cikakkun kwana 15 kafin ranar sauraro. Kada ka kuskura ka riga kotu ta hanyar yaɗa labarin a Facebook ko a rediyo. Yin haka yana iya sa a kori ƙarar, kuma yana buɗe wa kamfani ƙofar neman diyya.

Dalilin tsoron shi ne, doka tana ɗaukar cewa rusawar ta fara ne tun ranar da aka gabatar da koken, ba ranar hukunci ba. Idan daga baya aka ba da umarnin rusawa, duk wani sayar da kadara ko fitar da kuɗin kamfani da aka yi tsakanin ranakun nan biyu ba shi da inganci sai kotu ta amince da shi. Bankuna sun san wannan, shi ya sa da zarar sun ga sanarwa sukan taka wa asusun kamfanin birki. Wannan doka tana iya cizon mai ƙarar shi ma. Idan kamfani ya biya ka bayan shela domin ka janye, kotu tana iya ba wani mai bin bashin damar maye gurbinka ya ci gaba da ƙarar, kuma idan aka rusa kamfanin, ana iya neman ka dawo da abin da ka karɓa. Saboda haka duk sulhun da za a yi bayan shela, a yi shi da sanin kotu.

Idan kana da hujjar cewa ana kwashe kaya da dare, ko ana kwance injuna ana lodawa, lauyanka zai iya roƙon kotu ta naɗa mai riƙon ƙwarya da zai tsare dukiyar kafin hukunci. Kotu ba ta bayar da wannan a kan jita-jita. Hotuna, lambobin motoci da shaidar wanda ya gani da ido ake nema.

A ranar sauraro, sauran masu bin bashi da suka sanar da niyyarsu suna iya bayyana, wasu su goyi bayanka, wasu su ce a bar kamfanin ya farfaɗo, kuma kotu tana la'akari da ra'ayinsu gwargwadon yawan abin da suke bi. Tana iya korar koken, ta ɗage, ko ta ba da umarnin rusawa. Doka ta hana ta ƙin ba da umarnin don kawai kamfanin ba shi da kadara ko don jingina ta cinye kadarar. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara, kuma reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ne yake sauraron abin da ya fito daga Kebbi da Zamfara.

Bayan an ba da umarni

Da zarar umarni ya fita, ikon daraktoci ya ƙare, ana aika kwafinsa ga CAC, kuma babu wanda zai fara ko ya ci gaba da ƙarar kamfanin sai da izinin kotu. Akwai jami'in Babbar Kotun Tarayya da doka ta ɗora wa karɓar ragamar irin wannan kamfani a farko, kuma daraktoci za su miƙa masa bayanin dukiya da basussukan kamfanin bisa rantsuwa cikin kwana 14. Sannan a kira taron masu bin bashi da na masu hannun jari domin a duba wanda za a naɗa ya karkare kamfanin, wanda lauyoyi ke kira likwideta. A ƙarƙashin dokar 2020, ba kowa ne zai riƙe wannan aiki ba: sai mai digiri a fannin shari'a, akanta ko makamancinsu, mai gogewar aƙalla shekara biyar, ɗan ƙungiyar ƙwararru da aka amince da ita irin su BRIPAN, ƙungiyar masu aikin ceto da karkare kamfanoni ta Najeriya, kuma mai izinin CAC.

Ka halarci wannan taro, ka kuma yi ƙoƙarin ganin dillalai sun samu wakili a kwamitin sa ido da ake iya kafawa. Mai karkarewa ba yaronka ba ne don kai ka kawo ƙara, amanar kowa ce a hannunsa. Amma inda babu mai tambaya, injin da ya kai miliyoyi yana iya tafiya a farashin ƙarfen bola, kuɗin aiki kuma ya yi ta hauhawa.

Sannan dole ne ka gabatar da shaidar bashinka a rubuce ga mai karkarewa, kamar kowa, cikin wa'adin da ya sanar. Cin nasara a koken ba ya ɗauke maka wannan. Idan kai ma kamfanin yana bin ka wani abu, misali kuɗin buhunan gyararriyar shinkafa da ka ɗauka, za a cire wannan daga wancan a tsaya a kan ragowar. Idan aka ƙi amincewa da bashinka ko aka rage shi, kana da damar kai kuka kotu.

A nan ne kuma ake iya bin sawun abin da aka ɓoye. Mai karkarewa yana da ikon neman kotu ta warware biyan da aka yi wa wani mai bashi don a fifita shi a kan saura gab da karyewar kamfani, da kadarar da aka sayar wa ɗan'uwa ko aboki a farashin banza. Daraktan da aka tabbatar ya tafiyar da kamfani da niyyar cutar masu bashi, ko wanda ya ci gaba da karɓar kayan mutane alhali ya san, ko ya kamata ya sani, cewa babu makawa kamfanin zai karye, kotu tana iya umartarsa ya biya daga aljihunsa. Masu hannun jarin da ba su gama biyan kuɗin hannun jarinsu ba su ma za a neme su su cika. Dillalai sun fi kowa sanin wace mota ta koma gidan wa, saboda haka bayanin da suke da shi yana da daraja idan aka kai shi a rubuce.

Layin rabo da lissafin da ya kamata a yi tun farko

Wanda ya yi karatun zaure ya san babin taflisi a fiƙihun Malikiyya, inda alƙali yake hana wanda bashi ya yi wa katutu taɓa dukiyarsa, a raba ta ga masu bashi gwargwadon abin da kowa yake bi, kuma wanda ya tarar da ainihin kayansa a hannun wanda ya karye yana da zaɓin ɗaukar abinsa. Rabo gwargwadon haƙƙi yana nan a Dokar Kamfanoni, amma ɗaukar kaya ba ya nan haka kai tsaye. Idan ka sayar da shanshera bashi kuma mallaka ta riga ta koma hannun kamfani, ko da ka ga buhunanka da alamarka a cikin sito, sun zama dukiyar rabo, sai dai idan tun farko an rubuta cewa kayan naka ne har sai an biya, kuma ana iya gane su. Shinkafar da ta shiga inji ta gauraya da ta wasu kuwa, maganarta ta ƙare.

Tsarin layin shi ne: mai jingina a kan takamaimiyar kadara, kamar fili, gini ko inji, yana ɗaukar haƙƙinsa daga kuɗin wannan kadara kafin kowa. Daga abin da ya rage ake biyan kuɗin aikin karkarewa, wanda ya haɗa da kuɗin shari'ar mai koke gwargwadon abin da kotu ta ƙiyasta, ba lallai duk abin da ya biya lauya ba. Sai basussukan da sashe na 657 ya fifita, irin su albashin ma'aikata, kuɗin fansho da aka cire ba a tura ba, da wasu haraji. Sai bankin da yake da jingina ta gaba ɗaya a kan kayan da ke shiga suna fita. Bayan duk waɗannan ne ake zuwa kan masu bin bashi marasa jingina, wato dillalai, masu motoci, masu kawo buhu da man dizal. Masu hannun jari su ne na ƙarshe, idan an samu saura.

Mu ɗauki misali na ƙiyasi kawai. A ce fili da injuna sun kawo naira miliyan 250, banki kuma yana bin miliyan 230 a kansu, saura miliyan 20. Motoci, kayan sito da bashin da kamfani yake bin wasu suka kawo miliyan 40, jimla miliyan 60. Aikin karkarewa ya ci miliyan 15, albashi da fansho da haraji suka ci miliyan 25, saura miliyan 20. Idan marasa jingina gaba ɗaya suna bin miliyan 200, kowa zai samu kwabo 10 a kan kowace naira. Dillalin da yake bin miliyan 18, wanda ya yi ta zirga-zirga zuwa kotu, zai tashi da miliyan 1 da dubu 800, daidai da kason wanda bai taɓa taka harabar kotun ba, kuma bayan shekarun da darajar naira ta zaizaye a cikinsu. Da a ce bashin banki ya kai miliyan 300 kuma yana da jingina ta gaba ɗaya, da babu abin da zai iso ga dillalai.

Wannan lissafi shi ya kamata ka zauna da lauya ku yi da rahoton CAC a gabanku, kafin a rubuta takardar neman biya. Ka tambaye shi kai tsaye: "Barista, idan aka sayar da komai, me zai iso gare ni?" Idan amsar ba ta da daɗi, akwai wasu hanyoyin. Ƙarar neman bashi ta gajeriyar hanya a Babbar Kotun Jiha, ga bashin da babu musu a kansa, tana iya ba ka hukunci da damar kama kuɗin kamfani a banki, muddin ka kammala kafin wani ya fara ƙarar rusawa. Dokar 2020 ta kuma kawo tsarin naɗa mai gudanarwa domin ceto kamfani, wanda mai bin bashi ma yana iya roƙon kotu ta yi, da tsarin yarjejeniya tsakanin kamfani da masu bin sa bashi a kan biya kashi-kashi. Injin da yake aiki yana iya biyan bashi a hankali daga cinikin kaka biyu ko uku, abin da gwanjonsa ba zai kawo ba.

Inda neman rusawa yake da ma'ana shi ne inda kamfanin yake da kadarar da jingina ba ta cinye ba, ko inda ake zargin an karkatar da dukiya kuma ana bukatar mai ikon bincike, ko inda ake biyan 'yan lele ana barin saura. A irin wannan hali, ya fi dacewa dillalai su haɗa kai, wanda takardunsa suka fi tsabta ya zama mai koke, saura su shigo a matsayin masu goyon baya, a raba kuɗin lauya da na buga sanarwa bisa rubutacciyar yarjejeniya.

Idan mai karkarewa ya gama sayarwa da rabo, zai koma kotu ta ba da umarnin shafe kamfanin, a aika wa CAC ta rubuta a rajista. Abin da ya rage na bashinka a kan kamfanin ya tafi tare da shi, amma takardar wanda ya tsaya wa kamfanin da kansa tana nan da ƙarfinta, kana iya bin sa a ƙara ta dabam. Idan kuma wata ɓoyayyiyar kadara ta bayyana bayan an shafe kamfanin, doka ta ba da shekara biyu da mai ruwa da tsaki zai iya roƙon kotu ta soke shafewar domin a kamo kadarar a raba, saboda haka ka adana takardun awo, shaidar bashi da kwafin umarnin kotu har wannan wa'adi ya wuce.